Muryar da Ke Zuwa Bayan Amshi

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka Doguwa lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙon wuri, da abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Na cusa wannan takarda a tsakiyar tsohon littafin darasina da kika nace sai na ba ki, don na san ba za ki buɗe shi ba sai kin zauna shirya darasinki na farko. To, kafin ki kwafi ko harafi ɗaya daga cikinsa, ajiye biron nan ki karanta.

Kin tambaye ni abin da ya sa shafukan tsakiya suka kumbura kamar an tsoma su a ruwa, na ce miki ɗakina ne ke yoyo. Ƙarya na yi miki. Ke ma kin san ɗakin nan bai taɓa yoyo ba, kunya ce kawai ta hana ki ja da ni. Shafukan nan su ne babin aikatau na Turanci, inda ake koyon wanda kalmar “to” ke bi da wanda ɗafin “ing” ke bi. Kin taɓa lura duk karatun da na yi miki a gida, ban taɓa koya miki wannan babin ba? Yau zan gaya miki dalili, don ina tsoron kada ki ɗauki abin da na shuka ki kai wa 'ya'yan mutane.

Kin san asalin garinmu yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Ina ajin ƙarshe na firamare aka tashe mu saboda ginin madatsar ruwan. Malaminmu na Turanci, Malam Isiyaku, Allah Ya ji ƙansa, ranar ƙarshe ya ja layi ya raba allo biyu. A hagu ya rubuta want, hope, decide, refuse, ya ce duk waɗannan “to” ke bin su, kamar a ce want to go. Ya ɗaga alli zai fara ɓangaren dama sai aka kaɗa ƙararrawa. Ya ce gobe zai cike. Goben nan motoci suka zo kwasar kaya, aka watsa mu, shi ya bi danginsa wajen Tudun Wada, ban sake ganinsa ba. Allon siminti ne a jikin bango, ba a ɗauke shi ba. Har yau in na rufe ido ina ganinsa a ƙasan ruwa, hagu cike, dama babu komai.

Na tafi kwalejin horon malamai da rabin darasi a kaina. Can ga malamai, ga ƙamus a ɗakin karatu, tambaya ɗaya ta ishe ni. Amma tun zangon farko abokai suka laƙaba mini Bature saboda iya lanƙwasa harshe, ni kuma sunan ya yi mini daɗi har ya fi abinci. Yaya Bature zai ɗaga hannu ya ce bai san abin 'yan firamare ba? Haka na yi ta zillewa har na karɓi takardar shaidata. Wannan ne kuskurena na farko. Ummi, in sun fara ce miki Baturiya a can, kuma za su ce, don bakin nan naki irin nawa ne, ki yi murmushi ki wuce. Abin da ba ki sani ba ki tambaya tun kina sabuwa, tun tambaya ba ta yi miki nauyi ba.

Da aka tura ni koyarwa wata sakandare nan kusa da bakin ruwa, littafin Turanci ƙwaya ɗaya ne a makarantar, shi ma yana kulle a kabad ɗin shugaba. In je in ce a ara mini in duba? Ina! Sai na zauna a gindin darbejiya na ƙirƙiro doka tawa ta kaina. Na ce in abu bai faru ba tukuna, “to” za a sa. In ya riga ya faru, ing. Na gwada ta a kan kalmomi huɗu na Malam Isiyaku, ta zauna daram. Na yi ta jin kaina. Da ita na cike ɓangaren dama, da ita kuma na kwaso kalmomi irin su avoid da suggest na jefa su hagu, inda ba gidansu ba.

Sannan na sa mata waƙa. Kin san yadda muke yi, malami ya bayar, aji ya amsa. In buga tsumagiya a tebur in ce, “Avoid!” Yara sittin su ɗauka gaba ɗaya, “To go!” In sake bugawa, su sake amsawa, har kwanon rufi ya riƙa amsa kuwwa. Shugaba yakan tsaya a taga yana gyaɗa kai, ya ce ajin Bature ne kaɗai ake jin karatu na tashi. Ki kiyayi daɗin amshi, 'yata. Ƙarar aji ba ta nuna an gane, kuma abin da aka haddace da waƙa ba ya fita, ko daidai ne ko kuskure. Duk abin da za ki sa wa kari, ki duba shi a ƙamus sau biyu tukuna.

A bencin ƙarshe akwai wani ɗalibi, Haladu, ɗan masunta. Su ma tasassu ne irinmu, kakanninsa da namu unguwa ɗaya a tsohon gari. Dogo ne, shiru-shiru, kullum rigarsa da ƙarnin kifi, shi ya sa ba mai son zama kusa da shi. Duk takardar da ya tsinta sai ya karanta. Wata rana ya sayi ƙosai aka naɗe masa a yagin jarida, ya ga an rubuta avoid going. Bai yi mini rashin kunya ba, wallahi. Sai da muka gama amshi ya ɗaga hannu, ya zo ya durƙusa ya miƙo mini takardar da hannu biyu, duk ta yi shar da mai. Ya ce ko masu jaridar ne suka yi kuskure, yana son in duba masa.

Kallo ɗaya na yi mata na san shi ne da gaskiya. Ba zato ba, sani. Kunnena ya sha jin haka a rediyo, ni ne dai na toshe shi. Amma idanun yara sittin na kaina, ga shugaba can yana tahowa ta baranda. Sai na yayyaga takardar na watsa masa a fuska, na ce tun yaushe ƙosai ya fara koyar da Turanci. Aji ya fashe da dariya. Na fitar da shi tsakar rana na sa shi ya durƙusa a kan tsakuwa daidai taga, na sa ajin ya juya ya rera masa dokata sau uku. Da aka tashi na hango shi yana bi yana tsince guntayen takardar ɗaya bayan ɗaya, na wuce abina.

Daga ranar Haladu bai sake yi mini tambaya ba, amma bai sake bin amshi ba. In na ce avoid, aji ya ce to go, sai a ɗan shirun da ke biyo baya in ji shi daga can baya, a hankali, shi kaɗai: “Going.” Na dake shi. Washegari ya sake. Na sake dukansa, har tafin hannunsa ya fashe. Ba ya kuka, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma fasawa. Ana cikin zango na biyu benci ya wayi gari babu shi, aka ce ya bi kawunsa kamun kifi. Kin ji mugun hali, Ummi, daɗi na ji. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mu malamai mun fi kowa son karin maganar nan. Ranar da ɗalibi ya kawo miki gyara a gaban aji, zuciyarki za ta yi zafi, na sani, jinina ce ke. Ki haɗiye, ki ce, “Ka yi gaskiya, na gode.” Ba abin da zai ragu a jikinki.

Na sayi ƙamus a ɓoye a Kano, na duba, na ga ɓarnar da na yi. Babu wata doka guda da ta kama su duka. Kowane aikatau da abin da yake ɗauka, sai dai a koye shi tare da abokin tafiyarsa, enjoy da finish da avoid su ja ing, want da hope su ja to, wasu su karɓi duka biyun. Na yi niyyar in je gidansu Haladu in ce ya dawo. Na ce sai Juma'a. Juma'a ta zo na ce sai an yi hutu. Tafiyar ba ta kai ta minti ashirin a keke ba.

Bazarar shekarar ruwa ya ja baya sosai, har kan wasu bangaye na tsohon gari ya kusa fitowa. Masunta sun san wurin, kifi na taruwa a kangon, amma raga na yawan sarƙewa. Dattawansu ba sa yarda a shiga nan da rana tsaka, sun ce lokacin masu wurin ne. Ragar kawun Haladu ta maƙale daidai wannan lokaci, Haladu kuwa ya ce ba zai bar ta ba, ya tuɓe riga ya nutsa. Kawun ya ce ruwan ko motsi bai yi ba. Sai bayan la'asar aka ciro shi. Da na tambayi kawun a wane bango ragar ta maƙale, ya dube ni ya ce ai na fi shi sanin wurin, makarantarmu ce ta da. Na bi jana'iza, na tsaya a sahun baya, na yi wa maza gaisuwa a zaure na gudu. Ban iya shiga wajen mahaifiyarsa ba. Abin da za ki gyara yau kada ki ce sai Juma'a.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa ko mahaifiyarki ba. Sati biyu da rasuwarsa, darasin ƙarshe kafin azahar, zafi kamar ya tsaga kwano, na ce bari mu maimaita babin nan kafin jarrabawa. Har lokacin ban sauya dokar ba. Na buga tebur, aji ya amsa, aka yi shiru. Sai na ji muryar nan, daga bencin ƙarshe, a hankali.

Na ɗauka wani ne ke yi mini shaƙiyanci. Na taka har baya da tsumagiya a hannu. Ba kowa a bencin, tun tafiyarsa ba wanda ya yarda ya zauna a kai. Amma simintin da ke ƙarƙashinsa a jiƙe yake, ɗan wuri kamar faɗin tabarmar salla, a tsakiyar bazara, ko'ina a bushe ƙamas. Na tambayi yaran wa ya zubar da ruwa, suka kalli juna. Wata yarinya a layin gaba ba ta kalli kowa ba, bencin kawai take kallo, ta toshe hancinta da gefen hijabi. Da na koma tebur na tarar da littafin darasina a buɗe a babin, shafukan sun yi sanyi sun yi laushi. Shi ne littafin da ke hannunki.

Ni Musulmi ne, na san wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa aji. Na je wajen limaminmu na ce ina jin murya, ban gaya masa ta wa ba. Ya ce waswasi ne ko shaiɗanu, ya ba ni addu'o'i, na kuma riƙe su. Da zan tashi ya tambaye ni ko akwai haƙƙin wani a kaina. Na ce babu. Kin ji ƙarya ta biyu a kan ta farko.

Sai na yi dabara irin ta matsorata. Da sabuwar shekara ta zo na sauya darasin shiru, na koyar da daidai kamar dama can haka nake koyarwa. Ban tara tsofaffin ɗalibaina na ce na ɓatar da su ba, ban ambaci sunan Haladu ba. A aji muryar ta daina, tunda ba sauran abin gyarawa, na ce shi ke nan na tsira. Na manta yara nawa suka riga suka fita da waƙar a bakinsu. Wasu sun faɗi tambayar a jarrabawa ba su san dalili ba. Wasu kuwa sun zama malamai. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa ta yi, har da jikoki.

Bayan na yi ritaya, wata rana ina kan hanyar kasuwar Dangora babur ɗina ya yi faci a gefen wata makaranta a ƙasar Kiru. Ina tsaye a inuwa ana yi mini liƙi, rana ta take, sai na ji an buga tebur a wani aji. Karina ne, sak, har inda nake jan numfashi. Yara suka amsa da dokata. Na ce a raina, Allah kada in ji. Na ji. Ba daga cikin ajin ba, daga bayana, dab da kafaɗata, kuma ƙarnin ruwa ya buso mini a wurin da ko rijiya babu. Mai facin ya ɗago ya tambaye ni ko jiri nake ji. Ko a ranar ma ban shiga na gaya wa malamin ba, na hau babur na dawo gida ban je kasuwar ba. Gyaran ɓoye ba gyara ba ne, Ummi. Kuskuren da kika yi a gaban mutane, a gabansu za ki warware shi.

Da na so in mutu da maganar nan. Ke ce kika hana. Ran Talatar nan da ta wuce, wajen azahar, ina alwala a tsakar gida, kina ɗaki kina gwada yadda za ki tsaya gaban aji. Na ji kin buga murfin akwati da biro kin ce avoid, kin amsa wa kanki to go, da karin da na ƙirƙira a gindin darbejiya tun ba a haife ki ba. Ashe malaminki na ƙaramar sakandare ɗalibina ne, duk karatun kwaleji bai kankare miki waƙar ba. Butar ta suɓuce daga hannuna. Aka yi ɗan shirun nan. Sannan kika leƙo ta labule kika ce, “Baba, magana ka yi?”

Ban yi magana ba, Ummi. Bakina cike yake da ruwan kurkura.

Shekara talatin da 'yan kai ina lallashin kaina cewa a kunnena kaɗai take. Ranar ban iya cin abinci ba. Washegari na sa hula na tafi unguwar masunta. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, tana nan da rai, ta tsufa tukuf, idonta ya yi hazo. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa, ban kai ga faɗin sunana ba ta ce Bature ne ko. Ta ce ta san zan zo. Ta sa aka janyo mata wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani ƙullin tsumma, ta miƙo mini yagin jaridar nan. Ya harhaɗa guntayen ya manne su da ƙaro a kan bangon littafi, tabon man ƙosan ma yana nan.

Ta ce ita ba ta san boko ba. Ranar da ya bar makaranta ta yi masa faɗa, ta ce ɗan masunci ba ya ja da malami, har ta ɗaga masa hannu. Shi kuwa ya ba ta takardar ya ce ta adana, Malam mutumin kirki ne, fushi ne kawai, da kansa zai zo ya faɗa. Duk sallar da ta wuce takan ce wataƙila bana. Sai ta juyo da idanun nan nata wajena ta ce, “Malam, tunda ka zo, gaya mini. Yaron nan daidai ya faɗa?”

Na ce, “Daidai ya faɗa, Inna. Tun a ranar na sani.”

Sannan ta ce alhamdu lillahi, ashe ba taurin kai ba ne, ita ce ta zalunce shi da faɗa. Na yi kuka a gabanta kamar ba dattijo ba. Na roƙi gafara, ta ce nata ta yafe, nasa kuwa ba a hannunta yake ba.

Yagin jaridar yana ninke a bayan wannan takarda, ita ta ce in kai inda zai yi amfani. Ga abin da nake roƙonki, kuma ban taɓa roƙonki komai ba. Ranar da kika zo babin nan, ki raba allo biyu, ki cike duka ɓangarorin daga ƙamus, kada ki bar rabi ki ce sai gobe. Sannan ki ɗaga takardar nan kowa ya gani. Ki gaya musu akwai waƙar da ke yawo a makarantun ƙasar nan, kuskure ce, mahaifinki ne ya ƙirƙire ta don yana jin kunyar tambaya. Ki gaya musu wani ɗalibi ya gyara masa, ya dake shi. Ki faɗi sunansa da ƙarfi, Haladu, ki sa su yi masa addu'a. Kada ki rufa mini asiri, na gaji da rufin. Ni ma ran Litinin zan hau babur in fara bin ɗalibaina da ke koyarwa, daga Bebeji har Tudun Wada, duk wanda na tuna.

In kin ba su amshin daidai suka amsa, kada ki yi saurin ci gaba. Ki ɗan tsaya ki saurara. Abin da kika ji, ko ba ki ji komai ba, ki rubuto ki gaya mini, don ni yanzu ba na yarda da kunnena.

Allah Ya ji ƙan Haladu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya. Ke kuma Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki shiga aji lafiya ki fito lafiya, Ya raba ki da haƙƙin ɗan kowa. Ki riƙe azkar ɗinki safe da yamma. Mahaifiyarki na gaishe ki, ba ta san na rubuta wannan ba, amma yau zan karanta mata kwafinsa.

Wassalam.

Mahaifinki.